Hawan Kedarnath: Ƙafa, Alfadari, Kafaɗar Mutane ko Jirgi Mai Saukar Ungulu?

Kedarnath ƙaramin gari ne a gundumar Rudraprayag ta jihar Uttarakhand, can arewacin Indiya, a cikin tsaunukan Himalaya. Yana mita 3,583 sama da teku, kuma har yau mota ba ta zuwa. Kwalta ta ƙare a Gaurikund, wajen mita 1,980, daga nan kuma sai hawa na kilomita 16 zuwa 18, gwargwadon inda mutum ya fara ƙirge da inda ya tsaya. Mabiya addinin Hindu suna ɗaukar haikalin dutsen da ke can a matsayin ɗaya daga cikin wurare 12 mafiya tsarki na Shiva, ɗaya daga cikin manyan ababen bautarsu, shi ya sa a 2023 sama da mutum miliyan 1.9 suka hau cikin wata shida kacal da yake a buɗe. Ba masu ibada kaɗai ke zuwa ba. Akwai masu sha'awar tsaunuka, akwai kuma ɗalibai da ma'aikata baƙi da ke zaune a Indiya waɗanda ke raka abokai.

Duk wanda ya isa ƙasan dutsen, hanyoyi biyar ne a gabansa: ya taka da ƙafa, ya hau alfadari, mutum huɗu su ɗauke shi a kujerar da ake kira dandi, mutum ɗaya ya goye shi a kwandon da ake kira kandi, ko ya shiga jirgi mai saukar ungulu. Yawancin mutane aljihu suke dubawa su zaɓa. Abin da ya kamata a fara dubawa shi ne zuciya da huhu da gwiwa, sannan watan da za a yi tafiyar.

Ma'aunan da za a auna kowace hanya da su

Na farko shi ne saurin da jiki zai yi sama. A tsayin Kedarnath, kowane numfashi yana shigar da kimanin kashi biyu cikin uku ne na iskar oksijin da mutum ke samu a bakin teku. Don a gane girman lamarin, Chappal Waddi, dutse mafi tsayi a Najeriya, mita 2,419 ne, wato Kedarnath ya ɗara shi da fiye da mita dubu. Ciwon tsauni yakan fara ne daga mita 2,500, kuma ba nan take yake bayyana ba. Sai bayan awa shida zuwa goma sha biyu da isa ciwon kai, tashin zuciya, jiri da rashin barci suke zuwa. Saboda haka tambayar da ta fi muhimmanci ita ce: a wane tsayi za ka kwana, kuma a wane tsayi ka kwana jiya? Ƙa'idar likitocin tsauni ita ce, da zarar an haura mita 3,000, kada wurin kwana ya ɗara na jiya da fiye da mita 500. Kusan kowa a hanyar Kedarnath yana karya wannan ƙa'ida. Bambancin hanyoyin shi ne yadda kowace ke karya ta.

Na biyu kuɗi, har da wanda ba a rubuta a allo ba: ƙarin kwana, ƙarin nauyi, ladan mai ɗaukar jaka. Na uku tabbas, wato ko hanyar tana ɗorewa idan hadari ya taso ko hazo ya rufe kwarin. Na huɗu haɗarin da ke tattare da ita kanta hanyar. Na biyar sauƙin samu, domin wata sai an yi makonni ana shiri, wata kuwa da asuba za ka tarar da ita tana jiranka.

Abin da babu makawa, kowace hanya ka zaɓa

Rajista wajibi ce kuma kyauta ce. Ana yin ta a shafin intanet na hukumar yawon buɗe ido ta Uttarakhand, ko a rumfunan da ke Haridwar da Rishikesh. Baƙo da fasfo yake yi. Ana duba takardar a Sonprayag, garin da ke kilomita biyar kafin Gaurikund, kuma ba a sayar da tikitin jirgi ga wanda ba shi da lambar rajista. Kwamitin haikalin ne ke da ikon cewa wa zai shiga ciki, don haka wanda ba Hindu ba ya binciki ƙa'idar shekarar kafin ya biya kuɗin komai.

Daga Rishikesh zuwa Sonprayag kimanin kilomita 210 ne, amma sai a share awa takwas ko tara saboda kwane-kwane, ta Devprayag, Srinagar ta yankin Garhwal, Rudraprayag, Guptkashi da Phata. A Sonprayag ake ajiye motocin gida da na haya. Sauran kilomita biyar zuwa Gaurikund ƙananan motocin yankin ne ke jigila a kan kimanin rupi 50 (rupi shi ne kuɗin Indiya), kuma a watan Mayu layin shiga motocin nan kaɗai yana iya cinye awa biyu ko fiye.

Ana buɗe haikalin a ƙarshen Afrilu ko farkon Mayu, a rufe kwana biyu bayan Diwali, bikin fitilu na mabiya addinin Hindu, a Oktoba ko Nuwamba. Lokacin hunturu dusar ƙanƙara ke binne garin, a mayar da ibadar garin Ukhimath da ke can ƙasa. Mayu da farkon Yuni su ne lokacin turmutsitsi. Daga ƙarshen Yuni zuwa tsakiyar Satumba damina ce, lokacin zaftarewar ƙasa. Ambaliyar 16 da 17 ga Yunin 2013, lokacin da tafkin Chorabari ya ɓalle a bayan garin, ta halaka dubban mutane a jihar, ta shafe zangon Rambara gaba ɗaya, ita ce ma ta sa aka sake shata hanyar ta yi tsawo daga kilomita 14 na da. A Agustan 2023 ƙasa ta zaftare kan shaguna a Gaurikund, a 31 ga Yulin 2024 kuma ruwan sama ya yanke hanyar a wajen Bhimbali da Lincholi, sai da aka yi kwanaki ana kwaso dubban mutane. Daga tsakiyar Satumba zuwa tsakiyar Oktoba sama takan washe, jama'a sun ragu, sai dai sanyin dare yana sauka ƙasa da sifiri.

Akwai gargaɗin da ya shafi mutanenmu fiye da yawancin masu zuwa. Mai cutar sikila bai kamata ya hau wannan tsayi ba ta kowace hanya, domin ƙarancin oksijin da sanyi da bushewar jiki su ne ainihin abubuwan da ke tayar da ciwon. Mai rukunin jini AS ma, wanda bai taɓa jin komai ba a rayuwarsa, yana iya samun toshewar jini a saifa a irin wannan tsayi, alamarta ciwo mai tsanani a ƙasan haƙarƙarin hagu. Wanda bai san rukunin jininsa ba ya yi gwaji tukuna.

Tafiyar ƙafa

Ita ce mafi araha, kuma idan an yi ta da hankali ita ce mafi sauƙi ga huhu. Hanyar a shimfiɗe take da dutse da siminti, akwai shingen ƙarfe a wurare da yawa, akwai famfunan ruwa, bayan gida, rumfunan shayi da ɗakunan shan magani. Zangunan su ne Jungle Chatti a wajen kilomita huɗu, Bhimbali a wajen shida, sai gadar da ke tsallaka kogin Mandakini kusa da tsohon Rambara, sai Lincholi ƙarama da Lincholi babba a wajen kilomita goma sha ɗaya, sannan sansanin da ke gab da garin.

Rabin farko yana yaudarar mutane. Daga Gaurikund zuwa Bhimbali akwai bishiyoyi da inuwa, hawan bai miƙe sosai ba, sai mutum ya saki ƙafa. Bayan gada ne labari ke sauyawa. Daga nan zuwa Lincholi hanyar tana lanƙwasa tana komawa, bishiyoyi sun ƙare, iska ta yi ƙaranci, wanda ya ƙone ƙarfinsa a ƙasa sai ka gan shi zaune kan dutse, kai a gwiwa, yana haki duk bayan taku ashirin. A nan masu alfadari ke jira, kuma sun san farashin mai neman agaji ba ɗaya yake da na mai ciniki ba. Sauri ya haifi nawa. Ma'aunin tafiya mai kyau shi ne ka iya yin magana da na kusa da kai ba tare da numfashi ya yanke maka jimla ba.

Mai matsakaicin ƙarfi yana yin awa bakwai zuwa goma a hawa, biyar zuwa shida a sauka. Mita 1,600 ake haurawa. A bar Gaurikund da asuba, domin hukuma tana dakatar da masu hawa idan rana ta yi, kuma a tsaunukan nan hadari yakan haɗu ne bayan azahar. Mafi kyau ga wanda ke da lokaci shi ne ya raba tafiyar biyu, ya kwana a Lincholi a tantunan GMVN, hukumar gwamnatin jihar mai kula da masaukan baƙi, ya ƙarasa da safe. Bai cika ƙa'idar likitoci ba, amma ya fi kwanan farko a saman.

Kayan da ake buƙata ba su da yawa: takalmi mai kama ƙasa wanda aka riga aka saba da shi (sabo bororo yake jawowa tun kafin Bhimbali), safa biyu, riguna masu ɗumi hawa uku da za a iya cirewa ɗaya-ɗaya, rigar ruwa, hular sanyi, safar hannu, tocilar goshi, da sanda, wadda ake sayarwa a Gaurikund da 'yan rupi. Jaka kada ta wuce kilo biyar ko shida. Ruwa aƙalla lita biyu a rana, da hutun minti biyar zuwa goma duk awa, kamar yadda ma'aikatar lafiyar jihar ke ba da shawara. Nama da giya babu su a hanyar. Abinci shinkafa ce da miyar wake, gurasa, taliya da shayi, kuma farashi yana hawa tare da kai.

Babban abin da ke ɓata wa mai ƙafa rai shi ne alfadarai. Hanya ɗaya ce, dubban dabbobi suna hawa suna sauka, kashinsu da fitsarinsu sun haɗu da ruwan sama sun zama taɓo mai santsi da wari. Ƙa'ida ɗaya ba a karya ta: idan ka ji ƙararrawa ko ihun masu kora, ka matsa jikin dutse, kada ka matsa bakin kwazazzabo. Alfadari mai kaya bai san faɗinsa ba, ɗan gogawa ya isa ya ture mutum. A sauka kuma gwiwa ce ke biyan bashi, a nan sandar ke nuna amfaninta.

Ta fuskar tabbas, ƙafa ta fi kowa. In dai ba hukuma ta rufe hanya ba, mai ƙafa yana tafiya.

Alfadari

Shi ne abin hawan talaka da na wanda ƙafa ta gaza. Hukumar gunduma ce ke tsayar da farashi, a 'yan shekarun nan kuma hawa daga Gaurikund yana tsakanin rupi 2,500 da 3,500, sauka ta ɗan fi sauƙi. Akwai rumfar biya ta hukuma a Sonprayag da Gaurikund, inda ake ba da rasit mai ɗauke da bayanin mai dabba. Wanda ya tsallake rumfar ya yi ciniki a gefen hanya, idan aka sauke shi a tsakiyar dutse aka ce sai ya ƙara, ba shi da wurin kai ƙara. Ana isa cikin awa huɗu zuwa biyar.

Wanda ya saba da doki kada ya ɗauka irin hawan da ya sani ne. Linzami ba ya hannunka, mai kora ne ke riƙe da ragama, kuma sau da yawa dabba biyu ko uku yake ja a lokaci guda. Sirdin yana da ƙarfen riƙewa a gaba. Kafin ka hau ka duba abu uku: majayi ya ɗaure tamau, domin sirdi yana zamewa baya a hawa mai miƙewa, likkafa ta yi daidai da tsawon ƙafarka, sannan ka sa a ɗaga shimfiɗar ka ga bayan dabbar. Idan akwai miki, ko tana ɗingishi, ko hanci yana zubar da majina, ka nemi wata. Wannan tausayi ne, kuma kariya ce gare ka, don dabbar da ta gaji ita ce ke tuntuɓe. Ana yi wa dabbobin nan aikin da ya wuce kima a tsakiyar kakar ziyara, suna mutuwa a hanya duk shekara, a farkon kakar 2025 ma sai da aka dakatar da su na ɗan lokaci saboda murar dawaki.

Hawa a kan alfadari yana da dama-dama. Sauka ce wahala. Dabbar tana dira matakala, kai kana zamewa gaba, cinya da ƙugu da ƙashin baya suna amsawa, kuma alfadari yana son bin gefen hanya na waje, inda mahayi ke hango kogi can ƙasa. A hawa ka sunkuya gaba, a sauka ka jingina baya ka danna likkafa. Mai ciwon baya, mai jiri, da mai juna biyu su bar wannan hanya. Sannan ba a bakin haikali ake sauke mutum ba. Matsayar dabbobi tana da tazarar fiye da kilomita ɗaya, wadda dole a taka, a inda iska ta fi ƙaranci.

Akwai tarkon da ba a cika faɗa ba. Mahayi bai yi gumi ba, don haka sanyi ya fi kama shi, kuma ya haura mita 1,600 cikin awa huɗu yana jin garau. Da dare ciwon kai ke zuwa.

Dandi da kandi

Dandi, wasu su ce palki, kujera ce a ɗaure kan sanduna, mutum huɗu suna saɓe da ita a kafaɗa, da yawansu 'yan Nepal ne masu zuwa cin rani. Ita ce mafi natsuwa a hanyoyin ƙasa, kuma tana kai mutum kusa da haikali fiye da alfadari. Ana auna fasinja a sikeli, farashi yana hawa da nauyi. A shirya rupi 8,000 zuwa 12,000 ko fiye don zuwa da dawowa, da ƙarin kuɗi idan masu ɗauka za su kwana suna jira. Awa shida zuwa bakwai ake yi, suna ajiyewa suna hutawa. Tunda a zaune kake ba motsi, bargo da rigar ruwa mai rufe har ƙafa dole ne. A tsakiyar kaka dandi yana ƙaranci, sai an je rumfa tun da yamma an kama na gobe.

Kandi kwandon gora ne da aka yanke gefe ɗaya, mutum guda yana goye shi da maɗauri a goshi. Fasinja yana kallon baya, ƙafafu a reto. An yi shi ne don yara da tsofaffi marasa nauyi. Ƙafa tana mutuwa a ciki, don haka a riƙa saukowa ana miƙe ta. Idan yaro ne, babba ya yi tafiya kusa da mai goyon, kuma a riƙe lambar katinsa, domin a cunkoso minti biyu sun isa a ɓace wa juna. Su waɗannan masu goyon ne kuma ake ba jaka idan mutum yana son takawa hannu sake, wanda shi ne kuɗin da ya fi kowane amfani ga mai ƙafa.

Jirgi mai saukar ungulu

Jiragen suna tashi daga Guptkashi, Phata da Sirsi. Daga Phata ko Sirsi ƙasa da minti goma ne, daga Guptkashi wajen minti goma sha biyar. A farkon kakar 2025 zuwa da dawowa ya kama kimanin rupi 6,000 daga Phata da Sirsi, da kimanin 8,500 daga Guptkashi, sannan aka yi ƙari mai yawa bayan damina. Wato tikitin hukuma yana iya fin dandi araha, abin da ke ba mutane mamaki. Wanda ya haura kilo 80 yana biyan ƙari a kan kowane kilo, kuma ƙaramar jaka kawai ake yarda da ita.

Samun tikitin shi ne aiki. Tun 2023 shafin jiragen ziyara na IRCTC, kamfanin gwamnati mai sayar da tikitin jirgin ƙasa a Indiya, shi kaɗai ke sayarwa, ana buɗe shi kashi-kashi, kujerun Mayu kuma suna ƙarewa cikin mintuna. Wannan ya buɗe wa 'yan damfara kasuwa: shafukan bogi masu kama da na gaske, lambobin WhatsApp, tallace-tallace a Facebook. Duk wanda ya ce ka tura kuɗi asusun mutum zai samo maka kujera, ɓarawo ne. Sunan da ke tikiti dole ya dace da na takardar shaida da ta rajista.

Ta fuskar tabbas, jirgi ne na ƙarshe. Matuƙa da ido suke bin kwarin Mandakini, kwarin ƙunci ne, kuma hazo yana rufe shi cikin mintuna. Da ya rufe an tsaya. Mai tikitin ƙarfe tara yana iya wuni a filin jirgi a mayar masa da kuɗinsa da yamma, ba tare da tabbacin kujerar gobe ba. Da damina yawancin kamfanonin suna janyewa. Tikitin sassafe ya fi na rana tabbas nesa ba kusa ba. Haɗarin kuma na gaske ne: a 18 ga Oktoban 2022 jirgi ya faɗi a Garud Chatti jim kaɗan da tashi daga Kedarnath, mutum bakwai suka mutu, a 15 ga Yunin 2025 wani ya faɗi a dajin da ke kusa da Gaurikund, shi ma mutum bakwai. Duka biyun cikin rashin kyawun yanayi ne. Idan aka kwatanta da yawan sawun da ake yi a kaka, adadin kaɗan ne, kuma waɗanda zuciya ko numfashi ke kashewa a hanyar Kedarnath sun haura ɗari a wasu kakannin baya-bayan nan. Duk da haka, fasinjan da ke matsa wa ma'aikata lamba a tashi cikin hazo bai san abin da yake roƙo ba.

Abin da ya fi dacewa a fahimta shi ne jirgi yana hutar da ƙafa, ba ya hutar da huhu. Guptkashi mita 1,319 ne. Cikin minti goma sha biyar an ɗaga mutum sama da mita 2,200. Mai tikitin dawowa a ranar yana samun kamar awa biyu a sama, ya taka 'yan ɗaruruwan mitoci daga filin sauka zuwa haikali, ya dawo kafin ciwon tsauni ya farka. Wannan tsari yana aiki, har ranar da hazo ya rufe bayan an kai shi. Sai dattijon da aka zaɓa wa jirgi saboda raunin zuciya ya kwana a mita 3,583, ba shiri, ba rigar kirki, maganinsa kuma yana otal a Phata. Saboda haka mai shiga jirgi ya sa maganin kwana biyu a aljihu, ya sa rigar sanyi a jiki ko da rana na dukan filin tashi, kuma ya riƙe tsabar kuɗin kwana da na dandi. Biyan kuɗi ta waya da ya zama ruwan dare a Indiya galibi yana buƙatar asusun bankin ƙasar, sabis ɗin waya kuma yana ɗaukewa a hanya.

| Hanya | Kuɗi a rupi, kimanin | Lokacin hawa | Tabbas | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Ƙafa | Abinci da kwana kawai | Awa 7 zuwa 10 | Mafi ƙarfi | Gajiya, santsi, turewar dabbobi |
| Alfadari | 2,500 zuwa 3,500, hawa | Awa 4 zuwa 5 | Mai kyau | Faɗuwa, ciwon baya, sanyi |
| Dandi | 8,000 zuwa 12,000, zuwa da dawowa | Awa 6 zuwa 7 | Mai kyau, in an samu | Sanyi, ƙarancin masu ɗauka |
| Kandi | Gwargwadon nauyi | Awa 6 zuwa 7 | Mai kyau | Mutuwar ƙafa, rabuwa da iyali |
| Jirgi | Daga 6,000 zuwa sama a farkon kakar 2025, zuwa da dawowa | Minti 8 zuwa 15 | Mafi rauni | Hazo, maƙalewa a sama |

Farashin nan yana sauyawa duk kaka, allon da ke rumfar hukuma shi ne abin dogaro. Akwai hanya ta shida a tafe: a Maris 2025 gwamnatin tarayyar Indiya ta amince da gina motar igiya, wato wadda ke tafiya a rataye jikin igiyar ƙarfe, mai tsawon kilomita 12.9 daga Sonprayag, wadda aka ce za ta yi tafiyar cikin minti 36. Aikin shekaru ne, kuma idan ta zo, matsalar huhu ɗaya ce da ta jirgi.

Wa ya dace da wace

Matashi ko magidanci mai lafiya, wanda ke iya tafiyar kilomita goma ba tare da ya kwanta washegari ba, ya taka. Ya kwana a Sonprayag ko Gaurikund, ya ba mai goyo jakarsa, ya raba hawan biyu idan da hali. Wata guda kafin tafiya ya riƙa hawa matakala da jaka a baya.

Wanda numfashinsa ke da kyau amma gwiwa ta lalace, ya hau da ƙafa ya sauko a dandi, domin sauka ce ke cin gwiwa. Wanda gwiwarsa lafiya amma ƙarfin hawa ne babu, ya yi akasin haka: alfadari a hawa, ƙafa a sauka. Wannan haɗin shi ne mafi dacewa ga yawancin masu matsakaicin shekaru, kuma yana kauce wa mafi munin ɓangaren hawan alfadari.

Dattijo mai shekaru 55 zuwa sama, ko mai hawan jini, ciwon suga, asma ko ciwon zuciya, likita zai fara gani, wanda shi ne kuma zai yanke ko a ba shi acetazolamide, maganin da ake fara sha kwana guda kafin hawa. Idan likita ya yarda, jirgin sassafe da dawowa a ranar, bayan kwana biyu a Guptkashi ko Phata, tare da rakiyar mai ƙarfi da kwana ɗaya ko biyu na rara a jadawali. Idan tikiti bai samu ba, dandi, kada a koma ga ɗan kasuwar bayan fage.

Iyali masu ƙananan yara su zaɓi ƙarshen Satumba, kandi ga yaro, kuma su lura da yaron da ya daina cin abinci ko wasa, domin yaro ba ya iya cewa kansa na ciwo. Mai kwana biyu kacal a hannu ya sani cewa jirgi ba alkawari ba ne. Idan jadawalinsa ba zai ɗauki soke tashi ba, Badrinath, wani garin ziyarar mabiya Hindu a jihar, wanda mota ke kaiwa har cikin gari a tsayin da ya haura mita 3,000 kaɗan, ya fi masa. A Yuli da Agusta kuwa babu hanyar da za a ba baƙo shawarar bi.

Kowace aka bi, idan ciwon kai ya ƙi jin magani, ko mutum ya fara tangaɗi, ko yana haki alhali a zaune yake, ko tari mai kumfa ya taso, a kai shi ɗakin shan magani mafi kusa a sa masa oksijin, sannan a sauko da shi a daren, ko da a dandi ne. Saukar mita 500 zuwa 1,000 takan isa alamun su fara lafawa.